Dokar Shiru ta Kyaftin Halvorsen

Matuƙan jirgin sama ɗari da ashirin ne ke tafiya a jere a gaban ƙofar masu sauka ta filin jirgin Chicago, kuma babu wanda ya ce uffan. Kowa cikin baƙin kwat mai maɓallan ruwan zinariya, hula a daidaice, takalmi sai sheƙi, taku uku tsakaninsa da na gabansa. Su kai ginshiƙi na tara su juya, su dawo na farko su sake juyawa. Iskar tafkin da ke gefen birnin tana ta yankan kunnuwa, don jajibirin Bikin Godiya ne, ranar da Amurkawa ke taruwa da iyali a ci talotalo, sanyi ya riga ya sauka da kayansa.

A kan gaba akwai Kyaftin Wendell Halvorsen, ɗan shekara sittin da uku, riƙe da allo mai cewa: A BUƊE ƘOFA ƊAYA GA KOWA. Abin al'ajabi a ranar ba allon ba ne. Abin al'ajabin shi ne Wendell ya yi awa ɗaya da rabi bakinsa a rufe. Duk wanda ya taɓa hawa jirginsa ya san in ya ɗauki lasifika don ya faɗi yanayin gari, sai ya haɗa da tarihin kogin da ke ƙasa da sunan wanda ya gina gadar. Matarsa Darlene takan ce a shekara talatin da takwas na aurensu sau ɗaya ta taɓa kai ƙarshen magana, ranar da likitan haƙori ya cika masa baki da auduga.

Amma shi ne da hannunsa ya rubuta wa ƙungiyar matuƙa dokokin tattaki. Matuƙi ba ya ihu a titi, in ji shi, mutanen da za su damƙa maka ransu gobe bai kamata su ga kana kumfar baki yau ba. Doka ta huɗu ita ce abin alfaharinsa: daga busa usur na farko zuwa na ƙarshe, babu magana, babu dariya, babu ɗaga hannu ga kowa, ko uwarka ce ta fito. Bara ya tsayar da wani matuƙi a gaban taro ya wanke shi tas don kawai ya ce wa wata tsohuwa sannu.

Abin da ya fito da su kuwa ba wasa ba ne. Gwamnatin Amurka ta je ta buɗe ofishin kwastan da na shige da fice a filin jirgin wata ƙasar Larabawa mai arzikin mai. Tun a can ake duba fasfon fasinja da kayansa, in ya sauka Chicago sai ya ja jakarsa ya fice kamar wanda ya taso daga jihar Ohio ta cikin gida. Kamfanin ƙasar ne kaɗai ke tashi daga filin. Fasinjojin su Wendell kuwa, bayan awa goma sha huɗu a sama, sai su ƙara biyu a layi suna jijjiga yara. Wa zai sake sayen tikitinku? Dogayen hanyoyi suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. A aikin tuƙi kuma kowa da lambarsa ta ranar da ya shiga, in an zo rage mutane daga ƙasan jerin ake fara yanka.

A ƙasan jerin nan 'yarsa Britta take, shekara uku da suka wuce. Aka sallame ta, ta yi wata bakwai tana koya wa 'yan kasuwa tuƙin ƙananan jirage, sannan wata rana a kan teburin Bikin Godiya ta ce ta samu aiki. Da ta faɗi sunan kamfanin, wato na ƙasar Larabawan nan, Wendell ya ajiye wuƙar yankan talotalo ya yi jawabi na minti arba'in. A ciki ya ce ta koma wa masu cin abincinmu. Ba ta samu ta ƙarasa ko jimla ɗaya ba. Ta ɗauki rigar sanyinta ta fita, kuma tun ranar kujerarta ke nan babu kowa. Yana kewarta kamar ya mutu, amma ko Darlene bai taɓa faɗa wa ba.

Da safen nan Darlene ta ce masa, tana jiƙa talotalo a ruwan gishiri, "Jirgin Britta zai sauka biyu da kwata. Ni dai na ajiye faranti ɗaya fiye da na bara."

Wendell ya yi lissafi irin na tsohon matuƙi. Sauka biyu da kwata, a kashe inji, a sallami fasinja, a bi layin kwastan, ba za ta leƙo waje ba sai huɗu da rabi. Tattaki kuwa ƙarfe uku zai tashi. Hankalinsa ya kwanta. Shekara talatin da biyar yana wannan lissafi bai taɓa kuskure ba, shi ya sa ya manta da abin da ya sa shi ɗaukar allo.

Uku saura kwata ƙofar gilashi ta buɗe. Fasinjoji suka ɓarko da fara'arsu, ba wanda ya yi kama da wanda ya sha layi. A bayansu ma'aikatan jirgi cikin tufafi masu ruwan ƙasa, a bayan su kuma wata doguwar mace mai jan jaka, tana tafiya irin tasa sak. Britta ce. Ya kafe ido a kan ginshiƙi na tara kamar an rubuta masa wani abu a jiki.

Ta tsaya ta karanta allon. Ta dubi abokinsa Kyaftin Otis Pettibone, mai kula da layi, wanda ke gefe da usur a wuya.

"Kawu Otis, har yanzu doka ta huɗu tana nan?"

Otis, da yake shi ba a cikin layi yake ba, ya washe baki. "Tana nan daram, 'yata. Sai ƙarfe uku."

"Ko me aka ce masa?"

"Ko gobara aka ce ta kama hularsa."

"Madalla," in ji Britta. Ta juya jakarta ta jera da ubanta, kafaɗa da kafaɗa, ta ɗauki takunsa.

"Sannu, Baba. Ka rame. Kada ka amsa, na san ba ka da hali. Shekara talatin da huɗu ina jiran ranar nan, wallahi da na san haka tattakinku yake da tuni na zo."

Wani daga baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Wendell ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi duk da sanyin.

"Na farko, kana da gaskiya. Ka ji ko? Na faɗa. Ofishin nan ba adalci ba ne. Ni ma ina ganin fasinjojinku ta gilashi suna tsaye kamar masu jiran hukunci, namu suna wucewa. Da ina cikin jerinku har yanzu, da ina bayanka riƙe da allo, kuma da na zaɓi rubutun da ya fi wannan."

Suka kai ginshiƙi na tara. Ya juya, ta juya tare da shi, tayar jakarta tana ƙara.

"Na biyu, ba ni na buɗe ofishin ba. Ni lamba ta dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu ce, Baba. Kai lamba ta tamanin da shida. Duk guguwar da za a yi ba za ta taɓa hularka ba. Ni aka ce in je gida in jira, wataƙila shekara biyar, wataƙila takwas. Kai ne ka ɗora ni a kan matashi biyu ina 'yar shekara tara don in ga gaban jirgi. Me kake so in yi da hannuwan nan, in saƙa maka safa?"

Amsoshi bakwai suka taso masa a maƙogwaro, kowace da misalanta. Ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Da ya rasa abin yi da bakinsa, sai ya tarar kunnuwansa suna aiki, abin da ya daɗe bai faru ba. Bai taɓa sanin lambarta ba. Bai taɓa tambaya ba.

A nan ne ta ɗaga hannu ta gyara hularta, idonsa ya sauka kan hannun rigarta. Ya ƙirga igiyoyin zinariyar da ke kai. Ya sake ƙirgawa. Huɗu ne, alamar kyaftin. Shi sai da ya kai arba'in da bakwai kafin ya ɗinka ta huɗun. Ya yi tuntuɓe da ba komai, na bayansa ya kusa hawa dunduniyarsa.

"E, wata biyu ke nan," in ji ta, ba tare da ta kalle shi ba. "Yau ce saukata ta farko a Chicago a kujerar hagu, ta kyaftin. Kuma ka ga iskar da ake yi. Daga gefe take bugowa, tana zuwa tana ɗaukewa. Jirgin da ke gabana sai da ya fasa ya sake zagayowa."

Wannan ita ce muguntar da ta fi kowace. A ce wa matuƙi an sauka cikin iskar gefe, sannan a yi shiru! Wendell ya ji tambayar tana yi masa ƙaiƙayi tun daga tafin ƙafa.

Wata farar bas ta otal ta tsaya a bakin titi, ma'aikatan jirginta suka fara loda jakunkuna. Britta ta dubi agogo, muryarta ta sauka, wasan ya fita daga cikinta.

"Awa ashirin da shida gare ni a garin nan. Mama ta ce in zo gida. Na ce mata ba zan zauna a teburin da mai gidan ke ganina a matsayin maciyiyar amana ba. Bas ɗin nan za ta tashi nan da minti uku, ba ta jiran usur ɗin Kawu Otis. In ka ce in zo, zan zo. In ba ka ce komai ba, na gane, doka doka ce."

Ta tsaya a ginshiƙi na biyar. Shi kuwa layi ya tura shi gaba.

Uku saura minti takwas. Ga masu ɗaukar hoton talabijin biyu a tsallake. Ga mutum ɗari da goma sha tara a bayansa, har da wanda ya wanke bara, wanda tabbas yana addu'ar ganin wannan rana. Wendell ya kai ginshiƙi na ɗaya, ya juya daidai yadda ya koya wa kowa. Yana fuskantarta yanzu. Direban bas ya karɓi jakarta. Taku goma, taku shida. Ya shirya magana mai kyau a ransa, wadda ta fara da tarihin ƙungiya ta ƙare da neman gafara, amma da ya iso gabanta duk ta watse. Ya ja birki, layin gaba ɗaya ya cakuɗe a bayansa, huluna suna karo da alluna.

"A wane titin jirgi kika sauka?" ya ce, da muryar da ta kai har wurin ajiye motoci.

"Na ashirin da takwas."

"Da wannan iskar? Kin karkata hancin tun daga nesa, ko sai da kika kusa?"

"Tun daga nesa. Na miƙe shi daf da ƙasa, tayar dama ta fara taɓawa."

"Ta yi tsalle?"

"Ko jaririn da ke kujera ta goma bai farka ba."

Wendell ya cire hularsa, abin da doka ta biyu ta hana. Idanunsa suka kawo ruwa, ya bar su. "Malam," ya ce wa direban bas, "sauke jakar nan. Kyaftin ɗin nan gida za ta."

"Kyaftin Halvorsen!" Otis ya daka tsawa, yana ƙoƙarin haɗe fuska abin ya ƙi. "Doka ta huɗu!"

"Rubuta sunana, Otis. Ka rubuta da manyan baƙaƙe."

"Ai ni zan karanta a taro," in ji wanda aka wanke bara, daga can tsakiyar layi. Dariyar da aka danne tun ƙarfe ɗaya ta fashe gaba ɗaya. Otis ya dubi agogo, ya dubi layin da ya zama kasuwa, ya busa usur don kada a ce bai busa ba.

A wurin ajiye motoci Wendell ya buɗe but ɗin motarsa, ya kwantar da allon a hankali, ya ɗora jakarta mai tambarin kamfanin a kai.

"Litinin zan dawo da shi," ya ce. "Kada ki ɗauka na sauka daga maganata."

"Na sani. Ka bari in gyara maka rubutun bayan an ci abinci."

Ya zagaya ɓangaren direba kamar yadda ya saba, ya kama murfin ƙofa, sai ya tsaya. A gidan Halvorsen ba a taɓa ganin wani ya tuƙa mota Wendell yana ciki ba. Ko a ƙaramin jirgin da ya koya mata, hannunsa bai taɓa barin sitiyari da gaske ba. Ya juya mukullin a tafinsa sau biyu, sannan ya miƙa mata ta saman motar, ya faɗi abin da matuƙi ke faɗa wa na kusa da shi in zai sakar masa jirgi.

"Tuƙi na hannunki."

"Tuƙi na hannuna," in ji Britta.

Ya zauna a kujerar dama, ya ɗaura bel, ya ɗora hular a gwiwa. Ba su kai ƙofar fita ba ya gyara murya.

"Kin san wannan hanyar, in kika bi ta hagu..."

"Baba, agogon motarka ya ce uku saura minti ɗaya, doka ta huɗu tana nan."

Ya dubi agogon. Shi ya saita shi da kansa, kuma bai taɓa yarda a ce yana latti ba. Ya rufe bakinsa, ta bi ta dama.