Rana Uku a Bayan Coci

Ni dai tsoron likita nake yi. Gara in kwana ina tuƙa motar share ƙanƙara da in zauna a haska mini ido. Mahaifina da ganin abu bibbiyu ya fara, aka karɓe masa lasisi, ya ƙarasa rayuwarsa yana musu da rediyo. Ni kuwa in ba tuƙin nan ba, ban iya komai ba.

Ranar da rana za ta dawo bayan watannin duhu da ba ta fitowa sam a nan can ƙuryar arewacin duniya, muka hau tudun bayan coci kamar kowace shekara, kowa da fulas ɗin gahawa da burodi mai zaƙi. Agogo ya kusa tsakar rana, amma a wurinmu asuba ce. Bakin dutse ya yi ja, sai ga ta. Sai ga wata a damanta. Sai ga ta uku a hagu, gefenta ja da shuɗi, ga zobe ya haɗe su, cikinsa ya fi sauran sararin duhu.

Na rufe ido ɗaya. Uku. Na rufe ɗayan. Uku. Na ce a raina, shi ke nan, Oddvar, ka fi ubanka da guda.

Na saci kallon jama'a, kowa yana ta taunar burodinsa. Mutanen garinmu ko gobara suka gani sai sun gama tauna.

Matata Ragnhild ta zungure ni. "Maigida, lafiya? Ka bushe kamar kifin da aka shanya."

"Sanyi ne," na ce.

Can sai tsoho Torleif masunci ya yi gyaran murya. "To fa! Guda muka roƙa, an ba mu har da gyara."

Sai ka ji ajiyar zuciya ta ko'ina. Gunvor maƙwabciyarmu ta dafe ƙirji. "Kai ma uku ka gani? Na zata maganin hawan jinina ne!"

"Ke dai kin daɗe kina ganin abin da babu," in ji Torleif. "Ƙurar ƙanƙara ce a iska take raba hasken. Gobe ki saka safa biyu, sanyi zai ƙaru."

Na yi dariya har gahawa ta biyo mini hanci. Na cinye burodina, na cinye na Ragnhild, na sauko ina fito, na tayar da mota.

Wajen juyawa a ƙofar gida na taka akwatin wasiƙun Gunvor da ke kafe a bakin hanya. Ja ne, tsayinsa ya kai ƙirjina. Ban gan shi ba.