Fankar Awaki

Malachi mai walda a Gangaren Tudu ba ya zubar da ƙarfe. Matacciyar fanka, sarƙar keke, murfin tukunya, duk bayan ɗaki yake jibge su. Da la'asar sai ya ja kujera ya zuba wa tulin ido, yana ɗaukar abu yana juya shi sama da ƙasa. Wai tunani yake yi.

Matarsa Anjelina ta gaji.

"Baban Priskila, awakin unguwa sun cinye min rabin shanyar rogo, kai kana nan kana gadin bola. Ran Asabar zan kira mai gwangwan ya kwashe tarkacen nan. In akwai abin amfani a ciki, na gani kafin nan."

"Maman Priskila, kan mutum ba injin niƙa ba ne da za a ja igiya ya tashi."

"Naka ko an ja ba ya tashi."

Ran Juma'a da safe ya fito da aikinsa: fanka a kan sanda, batirin mota a gindi, gwangwanaye rataye suna ƙara don su firgita awaki. Ya kafa ta kusa da shanya.

Watan Maris ne, zafi kamar ya gasa mutum. Bunsurun maƙwabta ya iso, ya tsaya, ya lumshe ido, ya kwanta a gaban fanka gemunsa na kaɗawa. Kafin azahar awaki tara sun baje a wurin.

Anjelina ta yi dariya har da riƙe ciki. "Sannu, injiniya! Ka buɗe wa awaki otal. Saura ruwan sanyi."

Kunya ta kama Malachi, amma bai kashe fankar ba. Ya ja kujerarsa ya zuba wa awakin ido yadda ya saba. Can ya ce, "Tun safe akwai wadda ta taɓa rogon?"

Anjelina ta duba. Ko ɗaya.

Sai ya tsinke gwangwanayen, ya ja fankar can gindin mangwaro, nesa da shanya. Awaki suka tashi suka bi shi a layi.

Ran Asabar mai gwangwan ya turo kurarsa ƙofar gida. Anjelina ta tare shi. "Malam, yi gaba, kayan aikin maigida ne."

Ta ɗauki kujerar Malachi ta nufi gindin mangwaro, ta zunguri bunsurun da ƙafa.

"Matsa can. Mijina ne ya ƙera."