Jakar Madubin Baba

Shekara talatin Baba yana farauta da madubin hangen nesan nan, amma ko ƙwarzane ɗaya babu a gilashinsa. Ba ya goge shi da bakin riga. Sai ya hure ƙurar tukuna, ya shafa da ƙyalle mai laushi, ya mayar da murafun, ya ajiye shi nesa da wuƙa da makullai. Babban ɗansa, wanda ya zama baduku, ya sha bugu a bayan hannu tun yana yaro saboda kawai ya miƙa hannu wajen abin.

Kwatsam wata safiya sai ga Auta ya shigo shagon badukun da madubin rataye a wuya, yana washe baki. Murafun ma ya baro su a gida.

"Yaya, Baba ya bar min. Ya ce ka ɗinka masa jaka, saboda jijjigar babur."

Baduku ya ce, "To, madalla," amma kishi ya kama shi. Wato Auta ne ɗan gado, shi kuwa ɗan ɗinki. Mutumin da ko hularsa ba ya sanin inda ya jefar, shi aka danƙa wa abin da ko taɓawa ba a bar shi ya yi ba.

Ya yanka fata mai kauri, ya shimfiɗa soso, ya yi shafi da ƙyalle mai laushi. Aiki dai ya yi kyau, don hannunsa bai iya ɗinkin banza ba. Da ya zo kan maɓallin ƙarfe, wanda a ƙa'ida ake rufe gindinsa da fata ta ciki, sai ya bar shi tsirara, daidai inda gilashin zai kwanta. Tafiya ɗaya a hanyar daji ta isa ta ƙwarzane shi. Daga nan Baba zai ga irin riƙon ɗan lelen nasa.

Ranar karɓa Baba da Auta suka zo tare. Auta ya juya jakar yana santi, har ya ɗauko madubin zai zura.

Baba ya ce, "Tsaya."

Ashe baduku ya manta halin tsohon, ba ya sa gilashi a cikin komai sai ya lalube cikin da yatsa. Ya zura hannu, ya bi ɗinkin kusurwa kusurwa. Sai hannun ya tsaya. Ya daɗe bai fito da shi ba.

Ya zaro hankicinsa, ya naɗe madubin, ya ce wa Auta, "Je ka tayar da babur."

Da suka rage su biyu, ya ajiye jakar a kan teburin a hankali.

"Masu ɗinkin jaka sun cika kasuwa. Na aiko shi wurinka ne don ban yarda hannun kowa ya kusanci gilashin nan ba sai naka."

Ya fita. Baduku ya ɗauki guntun fatar da ya kamata ya rufe maɓallin da ita, tana nan a yanke tun shekaranjiya kusa da almakashi.