Rigar da Ta Sha Hayaƙi

Shekara ashirin da shida mai tanderu yana zuba wa wuta gawayi a masana'antar narka ƙarfe, har gashin hannunsa ya daina fitowa. A katinsa na aiki akwai wata kalmar Turanci ƙarƙashin hotonsa, bai san ma'anarta ba. Ya taɓa tambayar ɗansa, ɗan ya kau da kai ya ce ai kusan injiniya ke nan. Uban ya ji daɗi ƙwarai, ya riƙe maganar.

Ana jibi bikin yaye ɗalibai, ɗan ya dawo da doguwar baƙar rigar da jami'a ta ba su aro, ruwan sama ya jiƙa ta sharkaf. Gari ya waye ba ta bushe ba. Uban ya naɗe ta bai gaya wa kowa ba, ya tafi da ita wurin aiki, ya rataye a wayar da ma'aikata suke shanya kusa da bakin tanderu. Can kaya kan bushe kafin mutum ya gama shan ruwa. To amma nasu kayan auduga ne mai kauri, wannan kuwa yadin roba ce. Gefenta ya ƙanƙance ya murɗe, ƙaurin hayaƙi ya kama ta. Garin neman gira an rasa ido.

Ɗan bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ɗauko ƙamus ɗin da uban ya saya masa tun yana sakandare, ya buɗe, ya ɗora yatsa.

"Baba, ka taɓa tambayata kalmar nan. Ga ta: mai zuba wa wuta gawayi. Babu injiniya a ciki. Abin da ka iya ke nan, shi ka yi wa rigata."

Katin gayyata ɗaya ne tal. Da yamma ɗan ya kai wa kawunsa mai mota, wanda ke jin Turanci.

Uban ya riga ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa wutar ranar bikin, ya kuma ɗinka sababbin kaya. Baƙin ciki ya hana shi ko kallonsu. Ranar bikin da safe ya bar su a ninke, ya sa tsofaffin, ya kama hanyar masana'anta.

A bakin ƙofa mai gadi ya nemi kati kamar kullum. Ya miƙa masa, babban yatsansa ya rufe kalmar.