Solar Da Za Ta Riƙe Numfashin Malam Yusha'u

Tun da taransifomar layinsu ta ƙone a Unguwar Dosa, Turai ba ta ƙara samun natsuwa ba. Mijinta, Malam Yusha'u, ciwon huhu ne ya kwantar da shi, kuma an sallamo shi daga asibiti da injin oksijin wanda ba ya aiki sai da wuta. Janareta suka koma kunnawa. Ga hayaƙi yana tayar masa da tari, ga shi da rana ta take sai janaretar ta yi zafi ta mutu. Duk mutuwar da ta yi, Turai na tsaye a kansa tana kallon leɓɓansa suna yin baƙi.

Ranar Laraba janaretar ta ƙi tashi sam. Aka aro ta maƙwabta, da sharaɗin a mayar kafin magariba, domin su ma ƙanƙara suke sayarwa. Turai ta bar ƙanwar Malam, Na'ima, a wurinsa, ita da ƙaninsa Faruk suka nufi wani shagon sola a Kawo.

Mai shagon, Hamza, ya saurare ta har ta gama, sannan ya nuna musu iri biyu. Babbar za ta ɗauki gidan gaba ɗaya, har da firiza, amma masu haɗa ta suna aiki a Zariya, sai mako mai zuwa. Ƙaramar akwati ne guda mai batir a ciki, da faifan rana biyu. Ita shi da kansa zai iya haɗawa a yau.

"Amma gaskiya, Hajiya, injin nan da fanka ɗaya kawai za ta riƙe," in ji shi. "Kuma damina ce. In hadari ya wuni ya kwana, ban yi miki alkawari ba."

Abin da ke hannunsu ɗaya kaɗai zai iya saya. Faruk ya ja ta gefe.

"Anti, kar gaggawa ta sa mu yi abin da za mu yi da-na-sani. Mu mayar da Yaya asibiti, kafin a haɗa babbar."

"Na je jiya. Babu gado."

"To mu nemi wani asibitin."

"Da wane numfashin zai yi yawon, Faruk?"

Ita ma ta san Hamza yana da gaskiya game da hadarin. Ta tsaya tsakanin kayan biyu, ta rasa wanda za ta nuna. Sai wayarta ta yi ƙara. Na'ima ce, muryarta ƙasa-ƙasa: maƙwabta sun aiko, ƙanƙararsu ta fara narkewa, suna son janaretarsu bayan la'asar.

Turai ta dubi Hamza. "Akwai caji a akwatin nan?"

"Ya ɗan wuce rabi."

"Ɗauko mu tafi."

Hamza yana bisa kwanon gidansu yana ɗaure faifan aka zo aka ɗauke janaretar. Turai ta zare wayar injin da hannunta ta soka a akwatin. Injin ya yi shiru, sannan ya kama. Malam ya ja numfashi, ya lumshe ido. Faruk ya fita tsakar gida ya zauna a bakin rijiya, ya daɗe bai shigo ba.

Washegari ruwa ya tsuge tun asuba. Turai ta kashe fankar, ta hana kowa cajin waya, ta zauna gaban akwatin tana kallon alamar batir tana raguwa. Da ya rage saura layi ɗaya, ta aiki Faruk ya bi unguwa gida-gida neman janareta. Ya dawo a jiƙe, hannu rabbana.

Sai bayan azahar rana ta ɗan leƙo, mai rauni. Alamar ta tsaya, ba ta ƙaru ba, ba ta kuma ragu ba.

"Turai," Malam ya ce ta cikin robar hancinsa, "kin ci abinci?"

Ta ce ta ci. Na'ima ta kawo mata kunu, ta sha a nan inda take zaune.