Hayaƙin Maman Hope

Judith, wadda duk layin ke kira Maman Hope, ta daɗe tana gasa masara a bakin kwalbatin da ke gefen gidan su Ngozi a unguwar Narayi. Da damina masara da kwakwa, da rani doya da manja. Tun tana goyon Hope take zama a wurin, ga shi yanzu yarinyar har ta shiga sakandare. Ngozi tela ce, kuma a barandarta Judith ke ajiye murhu da benci in ta tashi. Ko sa-in-sa ba su taɓa yi ba.

Bara aka gama wani bene mai hawa uku a yamma da gidan, a filin da samari ke buga ƙwallo da. A bana kuma Ngozi ta ɗauko mahaifiyarta daga ƙauye, tsohuwa mai fama da asma, ta sauke ta a ɗakin da tagarsa ke kallon titi.

Wata ranar Talata da la'asar, Judith na fifita gawayi, sai ga Ngozi ta fito da almakashi a hannu, fuska ba walwala.

"Maman Hope, don Allah hayaƙinki yana shiga ɗakin Mama. Jiya da kyar ta iya numfashi."

Judith ta ɗaga kai. "Hayaƙina? Haba Maman Chisom. Dubi shanyar da ke saman benen can. Ina iska ke kaɗa ta? Gabas. Ni ina gabas da tagarku. Ta ina hayaƙi zai koma baya?"

"Ni dai abin da na gani na faɗa miki."

"In wurin kike so in bar miki, ki fito fili ki faɗa."

Ngozi ta tsaya kallonta, sannan ta juya ta shige gida. Ranar Judith a ka ta ɗauki murhunta har gida, ba ta ajiye a baranda ba.

Aka shiga gaisuwar nesa da nesa. Abin ya tsaya wa Judith a rai. Kullum ta zauna sai ta duba shanyar nan da kan bishiyar mangwaron da ke tsallaken titi, ta ga duk gabas suke karkata, ta ce a ranta ai ita ke da gaskiya. Amma tarin tsohuwar yana isowa kunnenta ta taga, tari mai tsawo wanda ke ƙarewa da shessheƙa, kuma ba ta iya yin kamar ba ta ji ba.

Ran Asabar hadari ya fara haɗowa. Ta zuba sabon gawayi kenan, yana ta tuƙuƙi, sai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙarfen taga. Tsohuwar ce ke yafuto ta da hannu. Ba ta jin Hausa, Judith kuma ba ta jin Ibo. Ta goge hannu a zani ta shiga.

Tsohuwar ta matsa mata a bakin gado, ta nuna waje.

Judith ba ta taɓa ganin murhunta daga nan ba. Hayaƙin ya miƙe sama, ya ɗan yi gabas kamar yadda ta sani. Sai ya tsaya cak, ya lanƙwaso, ya gangaro ƙasa-ƙasa yana birgima kamar ana naɗe tabarma, ya biyo jikin katanga ya nufo su. Wani busasshen ɓawon masara ya tashi ya yi juyi a gaban taga, ya faɗi. Iska ta lafa, Judith ta ce a ranta ko shi kenan. Can kuma ta sake tasowa, hayaƙi ya cika ɗakin har idonta ya kawo ruwa. A saman bene kuwa shanya na nan tana kaɗawa gabas abinta.

"Kin gani?" in ji Ngozi daga bakin ƙofa. Muryarta ba faɗa a ciki.

"Na gani," in ji Judith. "Ta sama daban, ta ƙasa daban. Tun da aka yi benen nan kenan?"

"Wa ya sani? A da kaya muke zubawa a ɗakin, ba mai kwana."

Judith ta fita ta yayyafa wa gawayin ruwa. Ta daɗe a tsaye tana jin iskar a ƙafafunta, ta bugo ta nan, ta sake ta, ta bugo ta can. Shekara guda tana zaune cikinta, amma sama kawai take duba.

Washegari bayan an taso daga coci, Judith da Ngozi suka bi layin da ɗan garwashi a faranti da ɗanyen ganye a kai, suna tsayawa suna kallon inda hayaƙi ke bi. Mutane na ta tambaya ko lafiya. Sai kusa da mahaɗar da masu Keke Napep ke tsayawa suka samu inda yake tafiya bai waiwayo ba.

Nan Judith ta koma da murhunta. Wurin ba inuwa, ga ƙarar ababen hawa, kuma wasu tsofaffin masu sayen masararta ba su bi ta can ba. Ta sayi babbar lema ta kafa. Tarin tsohuwar bai rabu da ita ba, amma ya yi sauƙi, har takan sa a fito mata da kujera baranda da yamma ta sha iska.