Ɗigon Haske a Idon Mugu

Mugu yana cikin gyara wa Mai Fitila matashin kai sai ga Jarumi ya shigo, ƙamshin turarensa na gaba yana biye, da ledar lemo a hannu.

"A'a, mai ƙyallin ido ne da kansa?" in ji mara lafiyan, har da yunƙurin tashi.

Mugu ya koma gefe. Tun da ciwo ya kwantar da maƙwabcin nan nasa, shi ke tallabarsa zuwa banɗaki, shi ke aske masa gemu, amma bai taɓa samun wannan fara'ar ba. Kishi ne tsagwaronsa, ya kuma san kishi ne.

Aikin Mai Fitila a wurin ɗaukar fim shi ne haska fuskoki. In Jarumi zai fito, sai ya kafa 'yar fitila dab da kyamara, wani ɗigon haske ya zauna a ƙwayar idonsa, 'yan kallo su ji kamar ɗan'uwansu ne. Mugu kuwa daga sama ake sako masa tasa, kwarmin idonsa ya yi duhu kamar tsohuwar rijiya. Haka aka yi shekara da shekaru, har sunan Mugu ya bi shi gida. Yanzu da furfura ta fito an ba shi fitowar uba nagari a karon farko, ga shi mutumin da yake so ya haska shi ko kofi ba ya iya riƙewa.

Jarumi bai daɗe ba, ya yi addu'a, ya duba agogo. Matar gidan ta raka shi bakin ƙofa.

"Ka sha kunu kamar an ci maka fuska," in ji Mai Fitila.

"Ni na isa? Ai mai ido ya zo ya tafi."

"Kai dai ba ka girma."

"Malam, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Sau ɗaya tak ba ka taɓa sa min hasken nan ba. 'Yata tana ƙarama, in na fito a talabijin bayan uwarta take ɓuya."

"To wa zai ji tsoron mugu mai ƙyallin ido? Da tuni an sallame mu ni da kai." Tari ya sarƙe shi, ya daɗe kafin ya lafa. "Ja labulen can, rabi kawai. Ɗauko kujerar nan ka zauna."

Mugu ya yi yadda aka ce, yana gunaguni. Hasken la'asar ya shigo ta tagar.

"Ɗaga haɓa. Ya yi yawa, sauke. Juya hagu kaɗan. Tsaya nan."

Tsohon ya kanne ido ɗaya, ya ƙura masa ɗayan.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Ashe idon naka ma ruwan ƙasa ne."

"Bari in ɗauko madubi."

"Kana motsawa ya tafi. Zauna."

Ya zauna, wuyansa na sagewa, yana addu'ar matar gidan ta dawo ta gani. Tana can tana sallamar baƙo. Kafin ta shigo rana ta zame bayan ginin maƙwabta, Mai Fitila kuma barci ya ɗauke shi.

Da hantsi washegari Mai Fitila ya cika, Mugu na riƙe da kofin ruwan da ya ce a kawo masa.

Bayan an kai shi, Jarumi ya tsaya a ƙofar gida yana kuka, matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, hawayensa sai ƙyalli suke. Mugu ya ratsa ta bayansu, ba wanda ya waiwayo. Ɗakin an riga an naɗe katifa, an rufe labule. Ya ja shi rabi, ya zauna a kujerar, ya juya hagu kaɗan, yana fuskantar gadon da ba kowa.